Daga kunne ake farawa: yadda za ka zaɓi dongul ko amfilifayar aljihu don wayarka

Wani ƙanina da ke karatu a Samarun Zariya ya zo mini ranar wata Asabar da hedifon a cikin leda, fuskarsa ba walwala. A hannun wani mai situdiyo da ke rage kaya ya saye shi, Beyerdynamic DT 770 Pro, irin wanda masu haɗa sauti ke ratayawa a wuya. Ya ce, "Yaya, ina jin an cuce ni. Na ƙure murya, amma kamar daga gidan maƙwabta ake kiɗan." Na karɓa na juya gefensa, sai ga rubutu: om 250. Na ce masa babu wanda ya cuce ka, ingarma ka sayo kana ba shi abincin akuya. Na ɗauko wata 'yar na'ura da ake kira dongul, wadda ba ta fi ɗan yatsa ba, na soka ta a bakin cajin wayarsa, na haɗa hedifon ɗin. Kalangun da ke can nesa ya dawo cikin ɗakin.

Bayan mako guda ya dawo da abokinsa, shi ma yana son irin na'urar. Da na ga abin da yake sauraro da shi, iyafis ɗin nan da ake bayarwa kyauta a kwalin waya, da waƙoƙin da aka ciro daga bidiyon WhatsApp, sai na ce ya riƙe kuɗinsa tukuna. Na'ura ɗaya ce, ta yi wa wancan magani, wannan kuwa asara za ta zame masa. Abin da ya raba su shi ne abin da zan bi daki-daki a nan.

Abin da ke tsakanin waƙa da kunnenka

Waƙar da ke cikin waya lambobi ce zalla. A ma'aunin faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, ana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, a rubuta kowane awo da bit 16. Kunne kuwa bai san lamba ba, motsin iska yake ji. Don haka dole a sami tafinta da zai mayar da lambobin nan wutar lantarki mai hawa da sauka, shi ne ake kira DAC. Wutar da tafintan ya fitar ba ta da ƙarfin girgiza 'yar fatar da ke cikin hedifon, sai an ƙara mata ƙarfi, wannan kuma aikin amfilifaya ne.

Duk wayar da ke da ramin iyafis tana ɗauke da su biyun a cikinta. Abin tambaya kawai shi ne ko sun wadatar. Tun da Apple ya cire ramin daga iPhone 7 a 2016, Samsung ya bi sahu a manyan wayoyinsa daga Note 10 a 2019, sai tafintan da amfilifayar suka fito waje. Kashi uku za ka same su. Akwai dongul, ɗan guntun kebul ko 'yar kwalba da ke shan wuta daga batirin waya. Akwai mai batirin kansa, wanda ya kai girman kwalin ashana ko ma ƙaramin fawabank, irin su iFi hip-dac da Chord Mojo. Akwai kuma mai karɓar sauti ta Bluetooth ya miƙa wa hedifon mai waya, kamar Qudelix 5K da jerin BTR na kamfanin FiiO.

Idan iyafis ɗinka na Bluetooth ne, irin na Oraimo ko AirPods, babu ruwanka da dongul. Tafintansa da amfilifayarsa suna cikin kunnen nasa, ba inda za ka soka wani.

Mataki na farko: dubi abin da ke kunnenka

A wannan harka daga kunne ake farawa a yi baya. Abin da ya fi canza sauti shi ne iyafis ko hedifon ɗin kansa, nesa ba kusa ba. Wanda ya haɗa amfilifayar dala 100 da iyafis na kwalin waya ya ɗaura wa jaki sirdin Hawan Daushe ne. In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi iyafis mai kyau na cusawa cikin kunne. Kamfanonin Sin irin su Moondrop, 7Hz, Truthear da KZ suna da na wajen dala 20 waɗanda za su sa ka ji abin da ba ka taɓa ji ba a waƙar da ka haddace. Kuma ka gwada duk robobin bakinsa da suka zo a kwali, ƙanana da manya. Robar da ba ta toshe kunne sosai ba tana zubar da bes, sai mutum ya ɗora wa waya laifi.

To, in kana da kayan kunne na kirki, lambobi biyu za ka nema a kwali ko a shafin kamfanin.

Ta farko ita ce taurin kai ga wuta, wadda ake aunawa da om. Yawancin iyafis suna tsakanin om 16 da 32. Audio-Technica ATH-M50x om 38 ne, Sony MDR-7506 om 63, DT 770 Pro kuwa ana yin sa kala uku, 32 da 80 da 250, Sennheiser HD 600 kuma om 300. Ta biyu ita ce saurin amsawa, wato ƙarar da yake bayarwa in an ba shi miliwat 1 na wuta, ana rubuta ta da desibel. Mutane sun fi kula ta farko su manta ta biyu, alhali tare suke aiki. Akwai hedifon masu ƙarancin om da ba sa motsi sai an ba su wuta mai yawa.

Lissafin ba shi da wuya, ɗan aji uku na sakandare zai yi shi. Ka ninka bolt da kansa, ka raba da om, abin da ya fito shi ne ƙarfin wuta. Ɗauki hedifon ɗin ƙanina mai om 250, wanda ke ba da desibel 96 a miliwat 1. Wayar da ke fitar da rabin bolt za ta ba shi miliwat 1 cif, iyakarta desibel 96 ke nan. Bolt 1 zai ba shi miliwat 4, desibel 102. Bolt 2 zai ba shi miliwat 16, desibel 108. Duk ninkin bolt, ƙarin desibel 6 ne. Wani zai ce ai 96 ma ta yi yawa. Gaskiya ne, amma wannan rufin ɗaki ne, inda dukan ganga mafi ƙarfi ke taɓawa. Jikin waƙar yana can ƙasa da shi da desibel 10 zuwa 20, balle tsofaffin kiɗe-kiɗen da aka kwafo daga kaset, waɗanda dama a hankali aka naɗe su. Shi ya sa ya ji kamar daga maƙwabta ake kiɗan.

Yanzu kwatanta da iyafis mai om 32 da ke ba da desibel 105 a miliwat 1. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na bolt ba ya ishe shi ya kai can. Kowace waya za ta iya. Irin wannan ba ƙarfi yake nema ba, tsabta yake nema, don yana da kunnen jin ƙaramin "ssss" da ke fitowa daga wayar da aka yi wa aikin sauti na araha.

Ga gwajin da ya fi lissafi sauƙi. Sa waƙar da ka sani a wuri shiru. In ƙarar ta ishe ka kafin sandar murya ta wuce kashi biyu cikin uku, ba ka jin huci tsakanin waƙa da waƙa, bes bai fashe ba in ganga ta sauka, to wayarka tana yin aikinta. In sai ka ƙure sannan ka ji daidai, ko kana jin huci, ko ramin ya fara wasa sai ka murza, ci gaba da karatu.

Mataki na biyu: me kake ba shi ya fassara?

Tafinta ba ya ƙara abin da ba a faɗa ba. Yawancin abin da ke memorinmu daga wajen masu tura waƙa ya fito, ko daga wayar aboki, kuma sau da yawa MP3 ne mai 128 kbps (ma'aunin yawan bayanin da ke cikin kowane sakan na waƙa) ko ƙasa da haka. Mafi muni shi ne wanda aka ciro daga bidiyon status ko aka naɗa da saƙon murya. Na'ura mai kyau ba ta rufa wa irin wannan fayil asiri, tona shi take yi: sai ka ji kuge da kacau-kacau suna wani ruwa-ruwa, muryar 'yan amshi ta cakuɗe.

Ga yadda nauyinsu yake, don data ba kyauta ba ce. MP3 mai 128 kbps yana cin kusan megabait 1 a minti. Mai 320 kbps yana cin 2.4. Sautin CD da ba a matse ba yana gudu a 1,411 kbps, fiye da megabait 10 a minti, FLAC kuma yana rage shi zuwa wajen rabi ba tare da ya zubar da komai ba. Ke nan gigabait 1 zai ba ka kusan awa 17 na 128, awa 7 na 320, ko wajen awa 3 na FLAC.

Ra'ayina, tsallakawa daga 128 zuwa 256 ko 320 ana jin ta. Daga 320 zuwa FLAC kuwa, mutane ƙalilan ne za su bambance in an rufe musu ido. Su kuma fayilolin nan masu bit 24 da awo 192,000 a sakan da ake tallata dongul da su, ka tuna kunnen ɗan Adam iyakarsa haz 20,000, wato girgizar sauti sau 20,000 a sakan, shi ma na yaro, kuma ma'aunin CD ya riga ya kai 22,050. Kada lambar da ke kan kwali ta ɗauke maka hankali.

In a intanet kake sauraro, shiga saitin manhajar, ko Boomplay ce ko Audiomack ko Spotify ko Apple Music, ka ɗaga ingancin zuwa sama, domin da yawansu a ƙasa suke barin sa don tattalin data. Ka sauke abin da kake so lokacin da ka sami Wi-Fi ko datar dare. In za ka karɓa daga wani, Xender ba ta rage ingancin fayil, a WhatsApp kuma a turo maka shi a matsayin Document. Mayar da MP3 zuwa FLAC kuwa ɓata wuri ne kawai, abin da aka zubar ya zube.

Mataki na uku: san bakin cajin wayarka

Nan ne aka fi yin asara. In wayarka USB-C ce, ka sani akwai guntayen kebul iri biyu masu kama da juna kamar tagwaye. Ɗaya wayoyi ne kawai a ciki, yana jiran waya ta turo masa sautin da ta riga ta fassara. Wannan wasu wayoyi kaɗan ne ke aiki da shi, Samsung da Pixel da iPhone ba sa karɓarsa. Ɗayan yana da guntun DAC a cikin kansa, shi ne dongul na gaske. Hanyar ganewa mafi sauƙi: soka shi a laftof mai USB-C. In kwamfutar ta nuna sabuwar na'urar sauti, yana da DAC. In ta yi shiru, fanko ne.

Android ta fara karɓar sauti ta USB tun daga sigar 5.0 a 2014, don haka kusan kowace waya ta yau ta iya. Sai dai a Tecno da Infinix da Oppo da Realme sau da yawa sai ka shiga Settings ka rubuta OTG, saitin da ke ba waya damar aiki da na'urar da aka soka mata a bakin caji, ka kunna shi da hannu, kuma a da yawansu yana kashe kansa in ya yi minti 10 ba a soka komai ba. Mutane da yawa sun mayar da dongul lafiyayye shago saboda wannan ɗan maɓalli.

Mai tsohon bakin micro-USB zai buƙaci kan OTG da zai haɗa su, kuma ba kowace ƙaramar waya ce ke da OTG ba, a duba tukuna. Mai iPhone 15 zuwa sama, wadda ta koma USB-C a 2023, sokawa kawai zai yi. Mai Lightning kuma, wato bakin cajin tsofaffin iPhone, ko dai ya nemi ɗan kebul ɗin Apple na iyafis, ko dongul da ya zo da kebul ɗin Lightning, ya kuma sani cewa bakin nan rowar wuta gare shi, manyan dongul sukan sa wayar ta yi ƙorafin an ja wuta da yawa.

Ga masu son tsohon kaya: wayoyin LG na jerin V, daga V20 zuwa V60, an yi su da DAC na musamman a ciki, suna tuƙa manyan hedifon ba tare da taimakon kowa ba. LG ya bar harkar waya a 2021, amma in ka ci karo da ɗan kwatano mai lafiyar batir, ya isa a ajiye shi don sauraro kawai.

Mataki na huɗu: zaɓi gwargwadon buƙata

In iyafis ne ko hedifon mai om 16 zuwa wajen 60, ƙaramin dongul mai bolt 1 ya wadatar. Na Apple mai USB-C, wanda ake sayarwa dala 9 a Amurka, yana da tsabtar sauti da ta fi kuɗinsa. Amma yana da tarko biyu. Na kasuwar Amurka, mai lamba A2049, yana ba da bolt 1, na Turai mai lamba A2155 kuwa rabin bolt ne saboda dokar kare ji ta can, kuma kayan Ingila sun cika kasuwanninmu. Na biyu, a wayoyin Android da yawa yana fitowa da murya ƙasa-ƙasa ko da an ƙure. Don haka ga mai Android na fi son dongul masu guntun DAC mai suna CX31993, kamar JCally JM6 da 'yan uwansa, waɗanda farashinsu ke nan kusa.

In hedifon ɗin mai om 80 zuwa 300 ne, nemi mai bolt 2. Yawancinsu suna ɗauke da guntun CS43131 na Cirrus Logic ko wani na ESS. FiiO KA11 da Moondrop Dawn Pro misalai ne, daga wajen dala 30 zuwa 50. Irin wannan ne na soka wa ƙanina. Ka san dai daga batirin wayarka yake ci, kuma zai yi ɗumi a hannu, ba lalacewa ba ce.

Mai batirin kansa na wanda hedifon ɗinsa ke da ci sosai ne, ko wanda ba ya son a taɓa masa cajin waya. A garin da wuta ke zuwa ta tafi, wannan hujja ce mai ƙarfi, amma ka ƙara wa kanka abin caji na biyu da nauyi a aljihu. Ni dai na ɗauki irinsa wata biyu, daga baya ya koma zaman teburi.

Wanda na fi ba ɗan acaɓa da mai yawo shawara shi ne na Bluetooth. Ka maƙala shi a aljihun riga, waya tana cikin wando ko tana caji, babu abin da ke lanƙwasa mata baki. Ingancinsa ya dogara da yaren da suke magana da waya. SBC shi ne na kowa da kowa, iPhone tana tsayawa a AAC, LDAC na Sony kuma, wanda ya shigo Android daga sigar 8.0 a 2017, yana kaiwa 990 kbps. Qudelix 5K, mai dala 100 da 'yan kai, ya yi suna saboda manhajarsa ta gyaran sauti.

Abu uku kafin ka yanke shawara. In kana kiran waya ko karatu ta intanet da makirfon iyafis, tabbatar dongul ɗin yana wucewa da makirfo, don da yawa daga masu tsadar ba sa yi. Kan iyafis mai zobe uku shi ne mai makirfo, mai zobe biyu sauraro kawai. Sannan in ka ga rami na biyu mai faɗin milimita 4.4 ko 2.5, wannan hanya ce mai ba da ƙarin ƙarfi, amma sai da kebul ɗinta na musamman. Kada ka sayi kan juyi ka cusa iyafis na yau da kullum mai milimita 3.5 a ciki, kana iya ƙona amfilifayar. Na uku, in an rubuta taurin bakin fitar sauti na na'urar, ya kasance bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon ɗinka ba. Ga iyafis mai om 16, kada ya wuce om 2, in ba haka ba bes yakan saki.

Sunan guntun da ke ciki, ko ESS ne ko AKM ko Cirrus, kada ya zame maka abin musu a majalisa. Yadda aka gina kewayensa ya fi sunansa tasiri.

Mataki na biyar: kasuwa

A shagunan waya na PZ da Sabon Gari da bakin titin Samaru za ka sami ƙananan dongul, wasu da tambarin Samsung ko Apple a jiki. Na jabu sun fi na gaske yawa a irin wannan kaya ko'ina a ƙasar nan, don haka tambari ba shaida ba ne. Ni kaina na taɓa sayen wani a wani shago, kwali fes, na iso gida na tarar kunnen hagu ya fi na dama ƙara, ga huci kamar ana tuya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ni a kuɗin tukunya na saya.

Tun daga nan ba na zuwa sai da wayata, iyafis ɗina, da waƙoƙi uku da na sani kamar tafin hannuna. A nan ji ne ya kori gani. Ka ce, "Oga, a ba ni in gwada a nan, in ya yi in biya." Mai kaya na gari ba zai hana ba. Sai ka bi wannan tsari: dakatar da waƙa ka saurari shirun, ko akwai huci. Rage murya ƙasa sosai ka ji ko kunnuwan biyu sun daidaita. Girgiza kebul ɗin a wuyansa ka ji ko yana yankewa. Kira wani ka tambaye shi ko yana jin ka. Bar shi minti biyar ka taɓa ka ji zafinsa. Kuma ku yi magana a kan mayarwa kafin kuɗi ya bar hannunka.

Don gwaji na fi son kiɗanmu na gargajiya da karatun Alƙur'ani a kan waƙoƙin kwamfuta. Ka san yadda kalangu ke lanƙwasa murya in an matse tsirkiya, ka san kukan kukuma da amon gurmi, ka san numfashin mai karatu kafin ya ɗauki aya. Kunnenka yana da ma'aunin waɗannan tun kana yaro.

Hattara da yaudara guda: duk abin da ya fi ƙara, kunne yana ɗaukarsa ya fi daɗi. In za ka kwatanta dongul da ramin waya, daidaita ƙararsu tukuna, in da hali ka juya baya aboki ya riƙa canza maka. Sau da yawa bambancin da ka rantse ka ji sai ya gudu.

Su FiiO da Moondrop da Qudelix kuwa, da wuya ka same su a kan kanta. Ko dai ka sa a duba maka a Farm Center a Kano ko Computer Village a Ikeja a yi maka webil, ko ka yi oda ta Jumia ko AliExpress, a shagon kamfanin kansa, ka jira makonni. In ka ga farashin ya faɗi rabin na ko'ina, araha ba ta ado.

Mataki na shida: haɗawa da saiti

Bi wannan jeri kullum har ya zame maka jiki. Rage muryar waya zuwa ƙasa. Soka iyafis a dongul, sannan dongul a waya. Kunna waƙa iyafis yana hannunka, ba a kunne ba. Sai ka sa shi ka riƙa ɗagawa a hankali. Wasu na'urorin da cikakkiyar murya suke farkawa, kuma bolt 2 a cikin iyafis mai saurin amsawa ba abin wasa ba ne. In akwai maɓallin ƙarfi mai L (ƙasa) da H (sama), zauna a L sai in ya gaza.

Android ta saba mayar da kowane sauti awo 48,000 a sakan kafin ta fitar. Da wuya ka ji illar haka, amma in kana son manhaja ta yi magana da dongul kai-tsaye, akwai HiBy Music ta kyauta da USB Audio Player PRO ta kuɗi. Amfaninsu na zahiri ma ba wannan ba ne: suna buɗe muryar cikin dongul ɗin, wanda ke magance matsalar na Apple a Android, kuma suna nuna maka sunan na'urar da abin da take iyawa. Illarsu, in sun riƙe dongul, sautin sauran manhajoji ba ya bi ta cikinsa, sai ka rufe su.

Ga mai na Bluetooth, duba saitin na'urar a jerin Bluetooth ka kunna LDAC in akwai. In kana son ganin wane yare suke yi, je About phone ka taɓa Build number sau 7, Developer options za ta buɗe. A cunkoso kamar kasuwa ko ɗakin lacca LDAC a 990 kbps yakan riƙa yankewa, 660 ya fi zama lafiya.

In sautin ya yi maka kaifi ko bes ya yi kaɗan, manhajar daidaita sauti kamar Wavelet ko Poweramp Equalizer za ta canza shi fiye da yadda sabon dongul zai yi, kuma kusan kyauta. Ƙa'ida ɗaya: in ka ɗaga bes da desibel 5, rage jimillar ƙarar da desibel 5 a wurin da aka rubuta preamp, in ba haka ba zai fashe.

Kunnen da za ka ji da shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba. A desibel 90 lokacin ya koma awa 4 a mako, a 100 kuma minti 20 kacal. Ka ga amfilifayar da ke kai hedifon 108 tana iya cinye maka rabon mako kafin waƙa ɗaya ta ƙare. Ƙarfin nan na rufin ɗaki ne, ba wurin zama ba. Haɗarin ya fi yawa a cikin Keke ko kusa da janareta, inda mutum ke ɗaga murya don ya danne hayaniya bai sani ba. Maganinsa iyafis mai toshe kunne da kyau, sai ka ga ba ka buƙatar ɗagawa. Amma mai toshewar nan ka cire shi in za ka tsallaka titi a Kwangila ko Ƙofar Doka, tirela ba ta san kana sauraro ba. In ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙugi, ko maganar mutane ta dushe, ka wuce gona da iri. In ya ƙi tafiya, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Sai kula da kayan. Ƙurar hunturu tana taruwa a bakin caji ta dunƙule da zaren aljihu, dongul ya daina zama daram, waƙa ta riƙa tsayawa da kanta. Kashe wayar, sa tsinken sakace na itace ka kwaso ta a hankali, ban da allura. A bushewar lokacin nan kuma kana iya jin ɗan tsartsi a kunne in kebul ya goga da rigar sanyi, wutar jiki ce, ba lalacewar na'ura ba. A zafin Maris da Afrilu kada ka bar mai batir a cikin mota ko kan taga. In kana jin "zzzz" duk lokacin da waya ke caji, musamman a wutar janareta ko da caja mai araha, zare cajar ka koma fawabank, yawanci shi ke nan.

Inda dongul ke mutuwa kusan kullum wuyansa ne, daidai inda kebul ya shiga kai. In za ka sa waya a aljihu, juya ta bakin cajin ya kalli sama, kuma kada ka zauna da ita a aljihun wando dongul na soke, gyaran bakin caji ya fi dongul tsada. In kuɗinka ya kai, zaɓi wanda kebul ɗinsa ke cirewa, in ya karye ka canza shi kaɗai. Na ƙanina ba ya cirewa, don haka muka zura masa ɗan sifirin ɗin cikin biro a wuya, muka naɗe da salatif baƙi. Yanzu a gwangwanin alewa yake ajiye shi, tare da robobin iyafis.